Ban Kwana Ko Ban Takaici?

Ga shi shekarar karatu ta zo gangara, kuma kamar yadda aka saba kakar walimar ban kwana ta kama. Duk inda mutum ya juya sai ya ga takarda manne a bango, ko saƙo ya faɗo masa a waya, cewa wane zai tafi bautar ƙasa, wance za ta bi mijinta Fatakwal, malam wane ya sami canjin aiki zuwa Abuja, saboda haka kowa ya kawo kuɗi kaza kafin ran kaza, za a kama ɗakin taro a sallame su. To, ni dai na ɗauki alƙalami ne don in ce ban yarda da wannan abu yadda muke yinsa ba. Ra'ayina shi ne, mun karɓi sunan ban kwana daga kakanninmu, mun zubar da abin da ke cikinsa, mun cika ƙwaryar da hayaniya. Wanda zai tafi, wanda dominsa aka ce an taru, shi ne ya fi kowa fita daga taron hannu rabbana.

Tun da wannan mujalla ta masu nazarin harshe ce, bari mu fara da kalmar kanta. Bahaushe yana cewa ban ruwa, ban girma, ban haƙuri, ban hannu, ban gajiya. A duk waɗannan, "ban" ɗin nan bayarwa ce, akwai mai ba da abu, akwai mai karɓa. Haka ban kwana take. Haka kuma kalmar sallama, gama idan aka ce maigida ya sallami baƙonsa, kowa ya san ba da fatar baki ya sallame shi ba, ya damƙa masa wani abu ne a hannu. Sai guzuri, watau abin da matafiyi zai ci a hanya, da rakiya, watau ka taka masa da ƙafarka har inda ƙarfinka ya kai, da tsaraba wadda ita ce amsar guzuri ranar da Allah ya dawo da shi. Harshen da ya tanadi kalmomi har haka don tafiya ɗaya, lalle masu shi sun ɗauki rabuwa da muhimmanci. To, a cikin waɗannan kalmomi, wacce ce ta rage a walimarmu ta yau?

Ku zo mu leƙa walimar, don gani ya kori ji. An ce ƙarfe huɗu, ba a fara ba sai bayan magariba. An jera kujerun haya, an ɗaure balan-balan, an ɗinka anko, mai kayan kiɗa ya ƙure sauti har ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Sanƙiran zamani ya riƙe abin magana, ya ɓata rabin dare wajen kiran manyan baƙi zuwa babban tebur, kowane da jerin muƙamansa, galibi ma da Turanci, a taron da duk wanda ke ciki da Hausa ya yi mafarki daren jiya. Sai jawabai. Wanda bai taɓa ba mai tafiyar aron biro ba, shi ne zai miƙe ya ce ba su da kamarsa. Sai a yanka kek, a miƙa masa wani katako mai rubutu da sunan lambar yabo, a yi liƙi, a yi ta ɗaukar hoto kamar ranar aka ƙirƙiro waya. Kafin ƙarfe goma an watse. Washegari da asuba, ku je tasha ku gani. Shi kaɗai ne zaune a kan jakarsa, yana ciniki da 'yan kamasho, katakon nan yana tokare masa haƙarƙari a cikin kaya. Mutum arba'in sun ci shinkafa da sunansa, ba ko ɗaya da ya tashi ya raka shi.

Sai mu zo ga lissafi, wanda ba a son a yi. A ce, misali, mutum 40 ne suka yi karo-karon naira 10,000 kowanne. Kuɗi ya kama naira 400,000. Alawus ɗin mai bautar ƙasa, wanda aka fara biya a kan naira 77,000 a wata a shekarar 2025, sai an tara na wata biyar, kuma duk da haka bai kai wannan ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 kuwa naira 70,000 ne. Watau a dare ɗaya mun ƙone abin da zai riƙe abokinmu kusan rabin shekararsa ta hidima, ko ya biya masa wani kaso na kuɗin ɗaki a garin da za shi. Kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Ina hikima a ce mai ɗakin taro ya samu, mai kujeru ya samu, tela ya samu, mai hoto ya samu, amma mai tafiya ya ranci kuɗin mota?

Daɗin daɗawa, karo-karon nan ba kowa ne ke ba da shi da daɗin rai ba. Akwai ɗalibin da garin kwaki ne abincinsa safe da dare, amma an rubuta sunayen waɗanda suka biya ana karantawa a zauren WhatsApp kullum, nasa babu. Kunya za ta sa ya ci bashi, ko ya yi wa mahaifinsa ƙaryar kuɗin littafi. Wanda ya kasa kuwa, sai ya ƙaurace wa taron, alhali wataƙila shi ne amininsa na gaskiya, wanda suka raba gado ɗaya da tukunya ɗaya shekara huɗu. Ashe mun ƙirƙiro ban kwanan da ke hana aboki yin ban kwana da abokinsa. Shi kuwa liƙin da ake tinƙaho da shi, ga wanda bai sani ba, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta shi, hukuncinsa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 kotu a Ikko ta ɗaure mutum a kan wulaƙanta naira. Masu ilmi ne kuwa za su taru su taka takardar kuɗi da takalmi, su ce karramawa suke yi?

Kakanninmu ba baƙin tafiya ba ne, balle a ce sai mun yi aron yadda ake rabuwa. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna tashi daga Kano da Katsina da jakuna, ƙarƙashin madugu, su doshi Gwanja sayen goro, su yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarsu ba. Alhazai sun bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wasu su yi shekaru kafin su ga Makka, wasu su tsaya a Sudan har abada, jikokinsu suna can har yau. Mutumin da zai yi irin wannan tafiya ya san mai yiwuwa ne ba zai sake ganin ƙofar gidansu ba, saboda haka ban kwanansa aiki ne, ba shagali ba. Zai bi gida gida da ƙafarsa, ya durƙusa gaban manya ya nemi albarka, ya je wurin wanda suka yi saɓani ya ce mu yafi juna. Zai biya bashin da ake binsa, wanda ya kasa biya ya faɗa a gaban shaidu, ya mayar da ajiyar da aka ba shi, ya damƙa iyalinsa a hannun wani amintacce. Su kuma mutanen unguwa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, wannan dakuwa, wannan ƙuli-ƙuli, waccan gumba, wancan kilishi, wani 'yan kuɗi a ƙulle. Ranar tashi a raka shi har bayan ganuwa, a yi addu'a, a tsaya ana kallonsa sai ya ɓace.

Ko a tarihin Musulunci, wanda yawancinmu muka tashi da jinsa, abin da malaman sira suka ruwaito game da hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, shi ne ya bar Sayyidina Aliyu a baya don ya mayar wa mutanen Makka ajiyarsu da ke hannunsa, alhali mutanen garin ne ke neman ransa. Duk wanda zai bar gari zuwa wani gari yana da darasi a nan.

To, mu fa? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ban ce laifi ne ɗalibi ya ci bashi ba. Amma ku tambayi mai shayin bakin ƙofa, da mai shago, da matar da ke sayar da abinci, da mai wanki da guga, ku ji abin da ƙarshen shekara ke nufi a wurinsu. Littafin bashinsu cike yake da sunayen waɗanda aka yi wa walima aka ce ba su da kamarsu. Na san wani dattijo mai shayi da ya nuna mini shafi guda na sunayen da ya ja wa layi, ya ce waɗannan sun gama sun tafi, ya bar su da Allah. Ba wanda ya gayyace shi walimar ko ɗaya daga cikinsu, shi da ya ciyar da su ranar da aljihu ya bushe. Ku tambayi ma'ajin kowace ƙungiya littattafai nawa aka ara ba a mayar ba. Mutum ya sha tafi a ɗakin taro, ya sulale da asuba da haƙƙin talaka a wuyansa, wannan sunansa gudu, ko da an yanka masa kek.

Iyayenmu malamai, ku gafarce ni, maganar ta biyo ta kanku, kuma da ladabi nake yinta. Idan malami zai koma wata jami'a ko zai haye ƙasar waje, ba mu da abin cewa sai fatan alheri, kowa ya san halin da aikin koyarwa yake ciki. Amma sau nawa aka yi wa malami liyafa, sashe ya ba shi agogon bango, ya tafi ya bar kundin ɗalibai biyar bai sa wa hannu ba, da sakamakon jarrabawa a cikin aljihun teburin da ya kulle? Ɗalibin da aikinsa ya maƙale zai ƙara shekara yana bin ofis ofis, ana ce masa mai duba aikinka ya tafi. Kundin nan amana ce, daidai da ajiyar da bafatake ke mayarwa kafin ya ɗaura wa jaki kaya. Malamin da ya zauna da kowane ɗalibinsa, ya miƙa shi hannun wani malamin, ya rubuta inda aka tsaya, ya yi ban kwana ko da ba a sha ko lemo ba.

Akwai kuma wani abu da magabata suke ba matafiyi wanda ya fi guzuri daraja, shi ne sunan mai masauki. Bahaushe bai cika sauka a gari kamar an jefo shi ba. Akwai zango, akwai Sarkin Hausawa, akwai maigida. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, an gina ta ne a kan wannan tsari, kuma wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta ya fitar da littafi a kanta a 1969, inda ya nuna yadda maigida ke saukar da baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Haka abin yake a zangon Kumasi da sauran garuruwan Kurmi. Baƙo yana isa zai ce wane ne ya aiko ni, shi ke nan ƙofa ta buɗe. Yau kuwa, da kowannenmu ke da lambobi ɗari biyar a waya, sai a tura yarinya ko yaro ɗan shekara ashirin da biyu garin da bai san kowa ba, ba wanda ya ce masa ga lambar kawuna, ka neme shi in ka sauka. Tun da aka kafa hukumar bautar ƙasa a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, kowace shekara ana watsa ɗalibai jihohin da ba nasu ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma ƙungiyoyinmu nawa ne suke da ko da littafi ɗaya mai sunayen tsofaffin 'ya'yansu da garuruwan da suke zaune?

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Na farko za a ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, yanzu ba zamanin jakuna ba ne, wanda ya tashi Kano da safe zai yi azahar a Ikko in jirgin sama ya hau, kuma ga waya, kullum ana tare. Na yarda tafiya ta yi sauri. Amma wa ya ce ta yi aminci? Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe wasu, aka kwashe wasu zuwa daji wata da watanni. A watan Agusta na 2023 aka sace matasan da suka taso daga Jihar Akwa Ibom za su sansanin bautar ƙasa na Sakkwato, a kan hanya cikin Jihar Zamfara. Wanda zai hau titunan nan yana bukatar yafiya da addu'a kamar yadda kakansa ya bukace su. Ita kuwa waya, ku duba zauren ajinku na sakandare, ku ƙirga mutum nawa kuka yi magana da su baki da baki a bana. Zumunta a ƙafa take, Hausawa ba su yi ƙarya ba.

Na biyu za a ce, haba malam, mutane sun sha wuya, wasu sun shiga digirin shekara huɗu sun yi shida, yajin aikin malamai na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, yanzu don sun ɗan yi nishaɗi dare ɗaya sai ka hau su da faɗa? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ni ban ce kada a taru ba, ban ce kada a ci a sha a yi dariya ba. Sabo ake yi wa kuka, kuma wanda aka saba da shi ya cancanci a zauna da shi daren ƙarshe. Abin da nake tambaya shi ne, wa aka yi wa taron? In don nishaɗinmu ne, to mu kira shi fati, kowa ya biya wa kansa, kada mu rataya shi a wuyan mai tafiya. In kuwa dominsa ne, to a auna kowane abu da wannan ma'auni: me zai amfana masa ran da ya sauka a baƙon gari? Tabarma biyu a gindin bishiya, da butar shayi, da mutum goma da suka san shi da gaske, sun fi ɗakin taro cike da 'yan cin shinkafa.

Na uku za a ce ina wasa zamanin da, alhali shi ma yana da nasa aibin, akwai fataken da suka gudu da bashi, akwai masu masaukin da suka cuci baƙi. Gaskiya ne. Amma a wancan lokaci wanda ya yi haka ya san abin kunya ya yi, kuma labarinsa zai riga shi isa zango na gaba. Mu kuwa mun mayar da abin ado, har muna ba shi lambar yabo. Kayan aro ba ya rufe katara, wannan tsari na babban tebur da jawabai mun ɗauko shi ne daga liyafar ofisoshi, inda ake sallamar ma'aikacin da fanshonsa ke jiransa. Ɗalibin da zai fita neman abin kansa ba abin da ke jiransa sai tasha.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya tamu su fara, tun da su ne masu riƙe da al'ada. Kada a yanka wa kowa kuɗi, kada a karanta sunan wanda ya bayar ko wanda bai bayar ba, a ajiye akwati kowa ya jefa abin da ya iya. Abin da aka tara, a cire kaɗan na shayi, sauran a damƙa wa mai tafiya a matsayin guzuri. Mako ɗaya kafin taron, aminansa biyu su zauna da shi su tambaye shi a asirce, wa ke binka, me ke hannunka na mutane, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In bashin ya fi ƙarfinsa, a fara biya daga cikin akwatin, a kuma gayyato mai shayin ya zauna a sha da shi. A wurin taron a rage jawabi, a ba mai tafiya dama ya nemi gafara, a yafe masa, shi ma ya yafe. Ƙungiya ta buɗe rajistar tsofaffin ɗalibai gari gari, kada wani ɗanta ya tashi sai an haɗa shi da wanda zai tarbe shi, an kuma buga wa mutumin waya a gabansa. Ranar tafiya a sami ko mutum uku su ɗaukar masa kaya zuwa tasha, su tsaya sai mota ta ɗaga, su bi shi da waya sai ya ce ya sauka lafiya. Bayan wata guda a sake nemansa, gama a lokacin ne kewa ke kama baƙo, sa'ad da hotunan walima suka daɗe da nutsewa a cikin waya.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar ɗakin taro ko anko. Abin da suke bukata shi ne lokaci, da ƙafa, da ɗan nauyin fuskar da ake ji wajen cewa ka yafe mini, kuma ina zaton wannan nauyin ne muke gudu muke fakewa da kiɗa. Wanda ya ga na yi kuskure, shafin mujallar nan a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji. Ku kuma 'yan'uwanmu masu shirin tafiya bana, Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa ku da masu masauki na gari, ya sa ku bar garin nan ba wanda ke binku ko sisi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon tashi da asuba mu raka ku.

Haza wassalam.